Buhu Ba Na Mutum Ɗaya Ba Ne

Ku samarin da kuke wuni a rumfar mai cajin waya, daura da kantinmu na Kalgo, ina jin abin da kuke faɗa, kunnena bai mutu ba. Kuna cewa Manu ya more, aikinsa zama ƙarƙashin fanka da miƙa wa mata gwangwanin madara. Shekaranjiya ma ɗan ƙanena Bashiru ya tare ni a ƙofar masallaci, wai in yi masa hanya a ɗauke shi, tunda aikin ba ya son komai sai iya murmushi. Ban yi fushi ba, ni ma haka na zata kafin in shiga. Amma kafin in kai sunan kowa gaban manaja, sai na ba ku labarin mutumin da ya koya mini aikin nan, Baba Sambo na Malisa, da yadda aikin fankar ya cinye masa baya. Yau a zaune yake sallah.

Aikin farko da ya ba ni a kantin Gwandu shara ce. A lokacin Alhaji mai kantunan yana raye, babban kanti da ofis suna Birnin Kebbi, ga reshe a Gwandu, ga na Kalgo, ga wasu a garuruwan da ke kewaye. Ni na zo da sabuwar riga ina tsammanin za a tsayar da ni bayan kanta, sai Baba Sambo ya miƙo mini tsintsiya ya nuna mini ƙofar sito. Na share har na gaji da shara, makonni ina abu ɗaya. Wata safiya na tattara sharar zan zubar, ya riƙe mini hannu, ya tsuguna yana tona ta da ɗan yatsa.

"Mi kag gani cikin sharag ga?"

Na ce ƙasa na gani.

"Ƙasa kag gani? Ga kashin ɓera, ga garin hulawa, ga ƙasar gara. Ɓera ya huda muna buhu wajen kusurwar gabas, gara kuma ta kama katako. Kai kuwa za ka zubar da labarin duka a bola."

Muka je kusurwar gabas, muka janye buhuna, ga hudar nan. Daga ranar na daina raina tsintsiya.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma babu mai tsada a ciki. Akwai basilla da zare don ɗinke buhun da ya yage. Akwai reza ta yanka katan, wadda ake riƙewa a kwance, don in ka soka ta a tsaye ka yanka ledar taliyar da ke ciki. Akwai katakon da ake shimfiɗawa a ƙasa don kada buhu ya taɓa siminti, da tocila, da baro mai ƙafa ɗaya. Sai gammo. Na Baba Sambo tsohon rawani ne da ya naɗe ya ɗinke da kansa, ya yi baƙi don gumi, kuma ba ya aron sa ga kowa. Yana rataye shi a ƙusa bayan ƙofar sito.

Jera kaya ma da kuke gani kamar wasan yara, yana da dokokinsa. Sabon kaya baya yake zuwa, tsoho ya dawo gaba. Sabulu da omo ba sa maƙwabtaka da fulawa ko ganyen shayi, don fulawa tana shan wari. Wannan a wurin Inna Kulu na koye shi, wata dattijuwa mai tuyar fanke a Dodoru da ke sayen fulawa wurinmu. Wani sabon ma'aikaci ya jingina katan ɗin sabulu jikin buhu na kwana biyu, aka sayar mata. Ranar kasuwa sai ga ta da fanke cikin kwano, ta ajiye a kan kantar ciniki, ta ce kowa ya ɗauki ɗaya. Muka ɗauka muna godiya, mun zata kyauta ce. Ban taɓa cin sabulu da sukari ba sai ranar. Ta tsaya har muka haɗiye, sannan ta ce, "To haka mutanen Dodoru sunka ji." Aka sake mata buhu, kuma ba ta daina zuwa ba.

Da damina akwai aikin da babu mai saye da ya taɓa ganinsa, shi ne juya buhu. Danshi daga ƙasa yake tasowa, ko da katako. Saboda haka lokaci-lokaci sai an rushe jerin buhunan gaba ɗaya, na ƙasa ya koma sama, na sama ya sauko. In ka yi lalaci, wata rana za ka ɗaga na ƙasa ka tarar fulawar ta dunƙule, sukari ya yi ruwa. Da sassafe muke yi kafin a buɗe ƙofa, lokacin da babu ciniki. Ku riƙe wannan, don zai dawo.

Masu saye kuwa kowa da halinsa. Ɗan birni yana shigowa ya ɗauki kwando ya zaga abinsa. Amma dattijon da ya taso daga Ceberu ba zai taɓa kayan da bai biya ba, a wurinsa rashin tarbiyya ne. Zai tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, in ba ka fito ka tare shi ba ya juya ya tafi kasuwa. Sai ka gaishe shi, ka tambayi gida da gona, sannan ku zaga tare kana ɗauko masa. Matar da ba ta fita kuma takan aiko da tsohon gwangwani ko leda, a ba ta irinsa sak, kada ka ce ga wani ya fi shi kyau. In magidanci ya zo sayayyar suna ka ga yana jujjuya babban gwangwani yana duban farashi, kai za ka riga shi cewa ƙaramin ya fi saurin ƙarewa kafin ya lalace. Ya san ka gane, kai ma ka san ya sani, amma ya fita da mutuncinsa.

Duk wannan Baba Sambo da wasa da dariya ya koyar da shi. Abu ɗaya ne ba ya wasa a kansa, ranar da motar kaya ta zo. Buhun fulawa ko na sukari kilo hamsin ne. Mutum ɗaya yana kan mota yana ɗora maka a ka, ka tafi da shi wuyanka a miƙe, ba waige. A cikin sito kuma dole akwai wani yana jiranka, shi zai kama kunnuwan buhun ku sauke tare, gwiwa na lanƙwashewa, baya a tsaye. Na taɓa jin ƙarfin samartaka na sunkuya na jefar da buhu ni kaɗai. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci kamar ranar ba.

"Manu, ɗauka ba ta kashe mutum, saukewa ka kashe shi. In babu mai sauke maka, kak ka yarda a ɗora maka. Ko Alhaji na da kainai yac ce."

Shekaru muka yi a haka. Mota na tsayawa za a kira 'yan dako daga tasha, mu kuma muna ciki muna saukewa muna jerawa.

Sai Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa, kantuna suka koma hannun 'ya'yansa. Ba zan ɗora musu abin da ba nasu ba, a mugun lokaci suka karɓa. Shekarar ce man fetur ya tashi, komai ya bi shi. Mai sayen katan ya koma sayen ƙwaya, mai sayen ƙwaya ya koma wurin mai tebur yana sayen ƙulli. Janareta ya fi ciniki ci. Muka kashe firji ɗaya, muka riƙa baje kaya a gaban kanta don kada a ga bayan babu komai. Wani reshe aka rufe shi ɗungurungum.

Abin da aka fara yankewa 'yan dako ne. Aka ce ma'aikata su riƙa sauke kayansu. Sannan aka sallami mutum biyu, muka rage ni, da Baba Sambo, da Hajara mai karɓar kuɗi, da manajanmu Kabiru. Bayan sallar layya Kabiru ya tara mu a sito. Mutumin kirki ne, ranar ko ido bai iya haɗawa da mu ba, wayarsa yake kallo yana karanto saƙon ofis. An duba injin ciniki, an ga babu saye da sassafe, babu da tsakar rana, saboda haka an cire waɗannan awannin. Ni da Baba Sambo kowa ya koma rabin wuni da rabin albashi. Shi safe, ni yamma.

Na ce, "Manaja, injin ya gaya musu da sassahe muka juya buhu?"

Ya ce, "Manu, ni ma aiko ni anka yi."

Baba Sambo ya tambayi abu ɗaya kawai, wa zai sauke wa wani in mota ta zo, tunda an raba mu. Kabiru ya ce shi zai riƙa kamawa. Ya yi niyya har ga Allah, amma shi ma an haɗa masa reshe biyu, rabin mako yana kan hanya.

To a nan ne muka yi abin da duk ɗan ƙauye zai yi. Wanda ya tashi a Malisa ko Dodoru ya san in gonar maƙwabci ta fi ƙarfinsa gayya ake kira, ba a kai ƙara wurin hakimi. Muka yi shawara tsakaninmu: in mota ta zo da safe, ya yi mini filashin, in taho. In da yamma ta zo, ni in kira shi, ya hau kekensa ya dawo. Juya buhu kuma muka ci gaba da yi bayan sallar asuba kamar da, ba wanda ya sa mu, ba wanda ya biya. Hajara ma in ciniki ya lafa sai ta bar kujerarta ta kama goge kantoci. Muna ganin zumunci muke yi, kuma zumuncin ne. Abin da ba mu hango ba shi ne yadda abin zai bayyana daga Birnin Kebbi.

Wata ranar Laraba babban ɗan marigayi ya zo zagaye. Ya shiga sito ya ga buhuna a jere kamar an ja zare, ƙasa fes, ko ƙwayar shinkafa babu. Na zo da wuri ranar don mun sauke gishiri, sai na tsaya gefe kamar mai wucewa. A gaban Hajara da masu saye ya dubi Baba Sambo ya ce, "Baba, aikin bai yi maka yawa ba kai kaɗai? Kana iyawa?"

Ku da kuka tashi a ƙasar nan kun san amsar. Dattijo mai furfura ba zai tsaya gaban ɗan da aka haifa a kan idonsa, mata na ji, ya ce kaya sun fi ƙarfinsa ba. Ga kuma tsoro, a ce tsoho ya gaza a sallame shi, alhali yana da baki goma a gida.

"Muna iyawa, ranka shi daɗe, da ikon Allah."

Yaron ya ji daɗi, ya yi masa addu'a, ya tafi. Ba ƙarya aka yi masa da baki ba, sito ne ya yi masa ita, kuma mu muka share siton. Mako bai zagayo ba saƙo ya zo: tunda Gwandu na tafiya daidai da mutum ɗaya, Manu ya riƙa yin rabin mako a Kalgo, inda aka sallami nasu mai sito. Ladan gayyarmu ke nan.

Daga Kalgo zuwa Gwandu ba tafiyar filashin ba ce, sai ka bi ta Birnin Kebbi. Na roƙi direban motar kaya, Ɗanjumma, ya riƙa kai na Gwandu a ranakun da nake can. Ya yi ƙoƙari. Amma shi ma an cire masa yaron mota, an haɗa masa garuruwan da motoci biyu ke yi a da, ba shi ke zaɓar rana ba.

Ranar da abin ya faru ina Kalgo, cikin watan da ruwa ya fi ƙarfi. Bayan azahar wayata ta yi ƙara, na ga Baba Sambo ne, kuma kira ne sosai, ba filashin ba.

"Manu, kana ina?"

"Ina Kalgo, Baba. Lahiya?"

Sai ya ce, "Af, na mance yau Kalgo kake. Lahiya lau. Gaisuwa ta kawai."

"Baba, mota ta zo?"

"Yi aikinka, ɗana."

Ya kashe. Na sake kira bai ɗauka ba. Sauran labarin daga bakin Ɗanjumma da Hajara na ji shi. Mota ta iso da fulawa da sukari Baba Sambo bai kai ga tashi daga aiki ba, Kabiru yana Birnin Kebbi wurin taro. Hadari ya haɗo daga gabas, tampol ɗin motar kuma a yage yake tun bara, an yi ta cewa za a saya. Ɗanjumma ya ce a nemo 'yan dako, Hajara ta ce ba ta da izinin taɓa kuɗin ciniki, an taɓa yi mata faɗa a kan haka. Ta leƙa waje neman mai taimako, kowa ya gudu kwashe shanya ko rufe rumfa. Baba Sambo ya dubi sama, ya dubi fulawar, ya shiga sito ya ciro gammonsa daga ƙusa.

Ɗanjumma na ɗora masa, shi yana kaiwa yana saukewa shi kaɗai. Mutumin da ya hana ni sauke buhu ni kaɗai. Hajara ta ce ta shiga ta kama masa kunnen buhu, ya ce ta koma bakin kanta, ba a barin kuɗi babu mutum, kuma ita tana da juna biyu a lokacin. Ya kusa gamawa, an fara yayyafi, sai Ɗanjumma ya ga shiru bai fito ba. Ya sauko ya leƙa. Ya tarar da shi kwance a gefen katako, buhu a kan ƙafarsa, gumi na zuba, ba ya ko nishi da ƙarfi. Abin da ya fara cewa shi ne, "Shigo da sauran, ruwa za shi taɓa su."

Ko buhu ɗaya bai jiƙe ba.

An kai shi asibiti a Birnin Kebbi, aka ɗauki hoto, aka ce ƙashin baya ne ya goce ya danne jijiya. An gwada na asibiti, an gwada na masu ɗori. Ya tashi, alhamdu lillahi, yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa zaure. Amma ba ruku'u, ba keke, ba fartanya. Ɗan marigayi ya zo dubiya har Malisa da buhun shinkafa, kuma na ga alamar abin ya taɓa shi. Ina zaune ya ce, "Baba, don me ba ku faɗa mini ba?" Baba Sambo ya ce ƙaddara ce, kada ya sa wa ransa komai. Ni na yarda da ƙaddara kamar kowane musulmi. Amma raina ya ɓaci ranar, kuma har yau in na tuna yana ɓaci, don ƙaddarar nan da hannunmu muka share mata hanya, su da alƙalami, mu da kunya. Na bi shi har mota na gaya masa yadda muka riƙa yi tun daga farko. Ya saurara, ya ce bai sani ba. Na yarda bai sani ba.

Ba a ɗauki kowa a gurbinsa ba. Kafin wata damina ta zagayo aka rufe reshen Gwandu gaba ɗaya, aka kwashe kantocin. In kun bi ta wurin za ku ga ƙofar da kwaɗo, awaki na kwana a barandar. Ƙusar gammon tana nan bayan ƙofar sito, na tabbata.

Ni aka dawo da ni Kalgo, rabin mako, har yau. Mota ta taɓa zuwa ina ni kaɗai, hadari a sama, na ce wa Ɗanjumma ya kashe inji ya jira. Ya jira. Buhu biyu suka jiƙe, aka yi mini faɗa a waya har kunnena ya yi zafi. Na ce su rubuta duk abin da za su rubuta. Tun daga lokacin aka yarda a riƙa kiran ɗan dako ɗaya ranar mota. Ɗaya tak, amma ya isa ya kama kunnen buhu. Ba na kuma zuwa aiki a awannin da ba nawa ba, kuma in an tambaye ni ko ina iyawa, ina faɗin gaskiya ko mata na ji. Na koyi wannan da tsada, kuma ba ni na biya ba.

Ranakun da suka yanke mini kuwa sun sami wurin zuwa. In damina ta faɗi nakan hau babur in tafi Malisa, in kama wa 'ya'yansa noma, don manyan mata ne, mazan ba su gama tasawa ba. Ana shimfiɗa masa tabarma a gindin bishiyar bedi a bakin gona, ya jingina da buhun ƙaiƙayi yana kallonmu. Bai taɓa yi mini maganar ranar nan ba, ni ma ban taɓa tayar masa ba. In na zo sha ruwa sai ya ce, "Manu, kun juya na ƙasa kuwa? Danshi ya yi yawa bana." In ce mun juya, Baba.

Saboda haka Bashiru, da duk wanda ke son aikin fanka a cikinku, ban hana ku ba. Sana'a ce ta halal, ta ciyar da ni ta aurar da 'ya'yana. Amma ba gaban manaja zan fara kai ka ba. Ranar Asabar ka shirya mu tafi Malisa, an casa wakensa, buhuna na tsakar gida suna jiran a shigar da su ɗaki. Ni zan ɗauka, kai ka sauke mini. Shi zai gaya maka inda za ka kama da yadda za ka lanƙwasa gwiwa, daga kan tabarma, don ba zai iya tashi ya nuna maka ba.